Rasuwar Jamun, Mai Ɗauke da Taƙin Bhai Jan

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har wuya, tare da miƙa kai ga hukuncin Ubangijin da ya yanka wa kowane abin halitta ajalinsa, mai rai da marar rai, Nisar Ahmad Lodhi na unguwar Nazimabad a Karachi yana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta, da dattawan da ke haɗuwa da hantsin kowace Talata a ɗakin wasan bolin na bayan kasuwa, inda ake gangara ƙwallo mai nauyi a kayar da kwalaben katako, rasuwar ƙwallonsa, wanda aka fi sani da Jamun saboda launinsa baƙi-baƙi irin na ɗan itace mai wannan suna idan ya nuna. Ya cika ranar Litinin da ta gabata bayan azahar, a kan teburin Ustad Fayyaz mai huda ƙwallaye, bayan doguwar jinya wadda a gaskiya ba tasa ba ce, ta hannun mai shi ce.

Ba a roƙa wa marigayin gafara, domin ba shi da zunubi, ba kuma za a tashe shi a yi masa hisabi ba. Mai addu'a ya yi wa mai shi, shi ne mabukaci.

Ba a san ƙasar da aka ƙera marigayin ba, amma a Kuwait aka huda shi. Mumtaz Ahmad Lodhi, yayan Nisar, wanda duk gidan ke kira Bhai Jan, wato babban yaya, a can ya ƙarar da ƙarfinsa yana aikin bututun mai, a can kuma ya koyi wasan. Ya shimfiɗa hannunsa na dama aka auna, aka huda ramuka uku daidai da shi: ɗaya na babban yatsa, biyu na yatsan tsakiya da mai bi masa. Mumtaz dogo ne mai faɗin tafi, mahaifiyarsu takan ce idan ya ɗora hannu a kan gurasar capati sai a nemi capatin a rasa. Nisar kuwa Allah ya yi shi gajere, yatsunsa gajeru kuma sirara. Da Mumtaz ya rasu aka sayar da gidansa, aka yi sadaka da tufafinsa, ɗansa ya ɗauki agogonsa ya tafi Kanada. Ƙwallon nan kaɗai ya iso hannun ƙanin. Ranar da ya fara zura yatsunsa ciki, ya ji bakin ramin babban yatsa ya zaizaye ta gefe ɗaya, inda yatsan yayansa ya yi ta gogarsa shekara da shekaru. Ya ɗaga kai ya ce wa matarsa Bilƙis Begum, “Yana nan.”

Masu wannan wasa sun san ƙwallo ba damƙarsa ake yi ba, zama yake yi a hannu don kansa. Idan tazarar ramukan ta dace da taƙin mai shi, babban yatsa ne zai fara zamewa ya fita, sauran biyun su biyo baya su murɗa ƙwallon, ya tafi yana lanƙwasa har ya ratsa kwalaben katakon nan goma. Idan tazarar ta yi tsawo, sai mutum ya ja jijiyar hannunsa kafin yatsunsa su kai. Idan ramin ya yi faɗi, sai ya matse don kada ƙwallon ya kuɓuce masa, wanda ya matse kuwa ba shi ke zaɓar lokacin saki ba. Duka biyun sun taru a kan Nisar. Shi ya sa muryar marigayin ta kasance iri biyu. Wani lokaci ya faɗi da wuri a gaban ƙafar mai shi, dum, har dabe ya amsa. Wani lokaci ya maƙale a yatsa ya yi sama, ya dira can tsakiya, sannan a ji gurrr yana gangarawa kwatar gefen layi a natse, kamar mai komawa gida daga masallaci.

An shaidi marigayin da haƙuri da ƙanƙan da kai. Bai taɓa fifita kwatar dama a kan ta hagu ba. Idan ya kai ga kwalaben, yakan kayar da abin da ya sawwaƙa ya bar sauran a tsaye. Chaudhry Ilyas, wanda ya yi wasa da Mumtaz kafin ya gaji ƙaninsa a matsayin abokin tsokana, yakan ce, “Lodhi Sahib, wannan ƙwallo naka ya fi mu tsoron Allah, ko kwalba ba ya son zalunta.” Nisar yakan amsa masa da cewa ya ji da nasa, wanda aka cike aka sake hudawa fiye da haƙoran bakinsa.

Babu dattijo a zauren Talata da bai ba shi shawara ɗaya ba: a toshe tsofaffin ramukan, a huda sababbi daidai da hannunsa, kamar yadda ake yi wa duk ƙwallon da ya sauya mai shi. Ya ƙi. Aka ce to ya liƙa ɗan ƙyalle a ramin babban yatsa don ya rage faɗi. Ya ce ba zai cusa tsumma inda Bhai Jan ya sa hannu ba. Maimakon ya gyara ramin, sai ya shiga gyara yatsan. Ya lura cewa a watan azumi, idan jiki ya zabge, ƙwallon ya fi saurin kuɓuce masa. Da damina kuwa, idan iskar teku ta yi nauyi yatsu suka kumbura, babban yatsansa yakan kusa cika ramin. Daga nan ya ɗauki al'adar karya kumallon Talata da farfesun nihari mai gishiri da acar, wato mangwaron da aka tsuma da gishiri da yaji, cokali bayan cokali, don yatsan ya tashi. Bilƙis Begum ta ɓoye kwalbar acar a bayan buhun shinkafa, ya sayo wata ya ajiye a jakar marigayin.

Ba za a ɓoye ba, dabarar ta yi aiki sau ɗaya. Wata Talata cikin damina, babban yatsa ya fita a kan kari, biyun suka biyo, Jamun ya yi nisa ta dama har aka fid da rai, sannan ya karyo ya shiga, goman suka zube da ƙara ɗaya. Chaudhry Ilyas, wanda bai saba rage murya ba, ya ce a hankali wannan jifar Mumtaz ce. Nisar ya koma ya zauna, bai sake jifa ba ranar.

Cutar ajali ta fara ne daga gindin babban yatsan mai shi. Jijiyar da aka yi shekaru ana ja ta ƙi komawa. Ya fara kasa sa maɓallin riga, sannan ya kasa gutsurar capati da hannun dama, daga baya ya kasa bin gaɓoɓin yatsunsa da babban yatsa yana tasbihi bayan salla, abin da ya fi komai yi masa ciwo. Gishirin kuma ya haifar da hawan jini. Likita ya hana acar, ya ce ko ƙwallon ya dace da hannun ko a bar wasan. Barin wasan kuwa yana nufin barin zauren Talata, inda kaɗai ya rage mutanen da idan aka ce Mumtaz ba sa tambayar wane ne. Ya yi istihara, ya jinkirta, ya sake yi. Daga ƙarshe ya rungumi jakar a ƙirji ya hau rikisha, keke mai ƙafa uku, zuwa wurin Ustad Fayyaz.

Ustad Fayyaz bai ɓoye masa ba cewa ƙwallon ya tsufa, zafin Karachi ya busar da jikinsa, kuma saboda gajartar taƙin, sababbin ramukan za su faɗa gab da tsofaffin. Nisar ya ce a yi. Aka zuba ciko a ramukan uku, aka bar shi ya daskare. Ranar Litinin aka auna hannun Nisar. Ramin farko ya fita lafiya, na biyu ma haka. Ana cikin na uku marigayin ya yi maganarsa ta ƙarshe, ƙas, ba ta fi ƙarar lanƙwasa yatsa ba. Tsagar ta tashi daga rami zuwa rami ta kewaye shi gaba ɗaya.

Nisar bai yi wa kowa faɗa ba. Ya roƙa a tono cikon a mayar masa da tsofaffin ramukan, ko da ƙwallon ba zai sake gangarawa ba, ya ajiye shi a ɗaki kawai. Ustad Fayyaz ya sunkuyar da kai ya ce, “Lodhi Sahib, cikon ya zama jikinsa. Ko na tona, ramin da zai fito nawa ne, ba na yayanka ba.” Nisar ya tambaya ko an auna tsofaffin kafin a toshe. Ba a auna ba. Ba wanda ya taɓa neman awon ramin da za a rufe, shi ma bai tuna ya nema ba.

Marigayin ya rasu ya bar jakarsa mai karyayyen zip, da tawul ɗin da ake goge shi, da rabin kwalbar acar, da sababbin ramuka biyu waɗanda mai shi ya gwada sau ɗaya a shagon ya tarar sun yi masa daidai ƙwarai. Ya bar kuma babban yatsa guda da ya daina lanƙwasawa, wanda likita ya ce yanzu ko wane irin ƙwallo aka huda masa, lokaci ya riga ya wuce. Chaudhry Ilyas ya zo gida da sabon ƙwallo marar huji ya ce a karɓa don Allah. An gode masa, an mayar masa da abinsa.

Ba za a yi wa marigayin wanka ba, ba za a yi masa salla ba, ba kuma za a kai shi maƙabartar Musulmi ba, domin waɗannan haƙƙin 'yan Adam ne. Za a naɗe shi da tawul ɗinsa a rufe shi ranar Juma'a bayan la'asar a gindin gwaibar tsakar gidan Lodhi. Chaudhry Ilyas ne zai haƙa ramin, tunda mai shi ba ya iya riƙe shebur. Za a karɓi gaisuwa a falo har magariba, da shayi da abinci marar gishiri.

Iyalan suna da roƙo ɗaya ga tsofaffin abokan aikin Kuwait da dangi na nesa. An duba hotunan gidan kaf, a kowanne Mumtaz ya goya hannayensa a baya, ko ya sa su a aljihu, ko mai ɗauka ya yanke su. Duk wanda yake da hoton da hannunsa na dama ya fito, ko yana riƙe da kofin shayi ne, don Allah ya taho da shi.