Ranar da na tauna batir a gaban Iya

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da Iya, kakarmu, ta bar unguwarmu ta Sabo ba. Ta tsufa a Ibadan tana sayar da ƙosai a cikin gida, daga ƙarshe ta ce Kano za ta koma ta ƙarasa kwanakinta. A rayuwarta ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, sai ranar ta ce a ɗauka guda ɗaya, don jikoki.

Umma ta ce a kira mai hoton unguwar Mokola. Ni kuwa, da yake yayana ya ba ni wata tsohuwar kyamara, na ce ina raye wa zai kira bare? (Duk ƙwarewata a lokacin, akuyar maƙwabta na ɗauka, ita ma rabinta ya fito.)

Damina ce, an kwana ana yayyafi, sanyi har cikin ƙashi. Na jera dangi a ƙofar gida, Iya a tsakiya kan kujera, motar albasa da za ta koma Arewa tana jiran ta a kasuwar Shasha. Na danna. Shiru. Sanyi ya kashe batir.

Mu a gidanmu batirin rediyo a rana ake shanya shi, to ranar babu rana. Na ciro baturan na cusa su a hammata ina murmushin ƙarfin hali, ba su tashi ba. Sai na koma dabarar ƙarshe da kowane ɗan Sabo ya sani: na sa guda a baki na gantsara. Ya fashe. Baƙin gari mai ɗaci ya cika mini baki, ya gangaro kan farar rigata.

Maman Risi, maƙwabciyarmu Bayarabiya, ta yi mini sannu da yarensu, “Pele o, mai foto.”

Iya ta dube ni a gajiye. “Ɗan nan, in yunwa kake ji ai akwai sauran ƙosai. Ku tashe ni, ƙafata ta sandare.”

Haka ta tafi ba hoto, kuma ba ta sake zuwa Ibadan ba har Allah ya karɓi abarsa. Abin yana ci mini rai har yau.

Tun daga nan sababbin batura ba sa rabuwa da aljihun cikin rigata, ko da kuwa bazara ce. Amma duk ranar da ’ya’yana suka tambayi kamannin Iya, Umma takan nuna ni da baki ta ce, “Ku tambayi babanku, shi ya cinye hoton.”