Garwashi a Kwanon Gilashi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da surukata ta fara taka gidana a Dutsin-Ma ba, kuma duk sanda na tuna haushin kaina nake ji.

Inna, mahaifiyar mijina, maginiyar tukwane ce a Rawayau ta ƙasar Kurfi. Sati biyu da tarewata ta aiko min da kaskon turaren wuta wanda ta gina da hannunta. Na juya shi, na yatsine fuska, na ce wannan ba zai zauna kusa da kayan jerena ba. Na kai shi tsakar gida na zuba wa kaji ruwa a ciki.

(Abin takaicin, ni malamar kimiyya ce a sakandare. A satin ma na cika allo da bayani: gilashi yana da sheƙi, ba ya tsotse ruwa, amma ba ya jure zafin da ya zo masa farat ɗaya. Yumɓu kuwa da wuta aka gasa shi, garwashi ba baƙonsa ba ne. Har jarrabawa na yi wa ɗalibai a kai.)

Ran da aka ce Inna na hanya, burina ɗaya ne: ta koma gida tana cewa ɗanta ya auro mai hankali. Na share, na goge. Na ɗauko kwanon gilashi mai zanen fure, na cika shi da garwashi, na barbaɗa turare, na ajiye a tsakiyar sabon kafet. Wai ni 'yar gayu.

Inna ta zauna, na durƙusa ina gaishe ta. Ban kai ga tambayar mutanen gida ba kwanon ya ce ƙas, ya rabe biyu. Garwashi ya watse, kafet ya fara warin roba, guda ɗaya ya gangara ya huda gefen mayafinta. Ni kuwa, malamar kimiyya guda, na tsaya ina hura wa wutar iska da baki.

Inna ce ta fita neman ruwa. Ta dawo riƙe da kaskonta, har da gashin kaza manne a bakinsa. Ta juye ruwan kajin a kan kafet, ta tsince garwashin ta zuba a ciki, sannan ta dube ni.

"Ɗiyata, halan a makarantar taku ba a koya maku gilashi bai son wuta?"

"Ana koyarwa, Inna."

"Wa ke koyarwa?"

Na sunkuyar da kai, kunya kamar in nutse.

Yanzu kaskon yana tsakiyar ɗakina, daidai kan ƙunar kafet ɗin yana rufa min asiri. Ni kuma duk abin da na rubuta wa ɗalibai a allo, sai na karanta shi da kyau kafin in goge.