Hoton da Na Zaci Sito Za a Kai

Ko zan manta da komai a duniyar nan, ba zan taɓa mantawa da ranar da na durƙusa a kan tabarmar Bappa Sale a Tumfure, hotunana biyu a gabana, na rasa wanda zan ƙaryata ba. Har yau in abin ya faɗo min a rai sai in ji zufa ta karyo min, ko da a gaban fanka nake. Amma bari in faro muku daga tushe, don in za ku yi min dariya ku yi ta da hujja.

Ni ɗan unguwar Shamaki ne a Gombe, ina da ɗan shagon kayan masarufi a unguwar Arawa, bakin titi. Sabulu, taliya, madara, man gyaɗa, irin waɗannan dai. A bayan shagon akwai ƙaramin ɗaki da nake jibge katan-katan, wato sito. Maƙwabcin shagona kuwa mai ɗaukar hoto ne, sunansa Emeka. Iyayensa daga kudu suka zo, amma shi a Gombe aka yanke masa cibiya, in yana Hausa ba ka ganin fuskarsa sai ka ce masa Malam. Har Fillanci yana yi (ni da kakata ta kasance Bafillatana, ban wuce "jam" ba).

Wata Asabar da hantsi ya leƙo shagona, ya tsaya yana ƙare min kallo kamar mai tayin rago.

"Mutumina, kai nake nema. Na samu wani aiki, kuma fuskarka ce ta dace."

Na ce, "Wane irin aiki?"

"Hoto kawai. Ba 'yan fim suke so ba, fuskar mutumin gari suke nema."

Wallahi yabo na ɗauka. Sai da na shafa gemu. Daga baya ne na gane abin da ake nufi da fuskar mutumin gari, wato irin fuskar da in ka gamu da ita a kasuwa ba za ka waiwaya ba.

Na dai yi tambaya ɗaya mai hankali, don kada ku ce ban yi ko ɗaya ba. Na ce, "Ina za a kai hotunan?" Ya ce, "Sitok foto ne, a sitok za a zuba su." Ni kuwa kunnena na ɗan tireda sito ya ji. Nan take na hango wani ɗaki mai ƙura a wata ƙasa, an jera hotuna a kwali, ɓeraye na zagayawa. Na ce a raina, to mene ne abin tsoro? Ya miƙo min takarda shafi biyu cike da Turanci, kuma tsakani da Allah ya ce in karanta. Na ce, "Haba Emeka, tsakanina da kai?" Na rattaba hannu kamar gwamna yana ba da kwangila.

Washegari muka tafi wata gonar masara a bayan gari. Aka sa min babbar riga ta aro mai aiki har ciki, da hula wadda ta fi kaina girma sai da aka cusa takarda a cikinta. Aka ba ni farin buhu marar rubutu na dafa, na ɗaga babban yatsa, na washe baki. Da rana muka dawo shagon Emeka, ya kira Saratu, wata tela 'yar Kaltungo da ke layinmu. Aka ba ta hijabi, ta cusa matashin kujera a cikin riga, sai ga ta da ciki wata takwas. Ni kuma aka ba ni wani kati in riƙe, in zauna kusa da ita.

Emeka ya ce, "Kalle ta mana. Kalle ta kamar ka biya sadaki!"

Muka yi ta dariya har matashin ya zame. Aka sallame ni da ɗan abin shan ruwa, na koma shago ina jin kaina, na manta da maganar.

To a lokacin ina neman auren Rukayya. Ba zan tsaya kwatanta muku ita ba, don in na fara ba zan gama labarin ba. Abin da zan ce kawai, ita ce mace ɗaya da take dariyar barkwancina tun kafin in kai ƙarshe, kuma saboda ita na san kowane rami da ke kan hanyar Tumfure, don kusan kullum ina cikin keke. Mahaifinta ya rasu, ƙanensa Bappa Sale ne waliyyinta. Tsohon malamin gona ne, mutum mai ƙarancin magana, irin wanda in ka gaishe shi sai ya amsa ya ci gaba da kallonka har ka fara tunanin ko akwai laifin da ka yi. Bai taɓa raina shagona ba, in faɗi gaskiya. Ni ne dai duk na zauna a gabansa sai in ji shagon ya ƙanƙance.

Bayan wasu watanni na je gaishe shi, sai na tarar ya rataye sabuwar kalanda a zaure. Na ɗaga kai, gabana ya faɗi. Ni ne. Ga babbar riga, ga hula, ga yatsa a sama. Farin buhun nan kuwa yanzu ɗauke yake da sunan wani kamfanin taki da ban taɓa ji ba, a ƙasa an rubuta: "Abokin manoma na gaskiya."

Bappa ya ce, "A wajen dillalin taki aka ba ni. Ashe kana tare da mutanen nan ba ka faɗa ba?"

Jama'a, a nan ne ya kamata in yi dariya in ce, "Bappa, hoto ne kawai, ko rigar ma ta aro ce." Magana ɗaya, da an wuce wurin. Amma a karo na farko na ga tsohon nan yana min murmushi, har da gyara zama. Sai na ji bakina ya ce, "E to, Bappa, ana ɗan taɓawa."

Kun san "ana ɗan taɓawa". Maganar da ba ta da kai ba ta da ƙafa, wadda Bahaushe ya ƙirƙira don ya yi ƙarya ba tare da ya karya alwala ba. Na lallashi kaina cewa ban ce komai ba. Amma Bappa ya ji abin da na so ya ji.

Daga ranar na zama wani mutum a Tumfure. In na zo, Bappa da kansa yake sa a kawo min fura. In an fito masallaci sai ya riƙe hannuna ya ce wa abokansa, "Surukinmu ne, na kamfanin taki." Su kuma su kewaye ni da tambaya: wanne ya fi wa masara a zubin farko, kamfa ko yuriya? Ni da ko barkono ban taɓa shukawa a gwangwani ba, sai in murtuke fuska in ce, "Ai ya danganta da ƙasar." (Wannan amsa ta cece ni sau da yawa, ina ba duk wani maƙaryaci shawarar ya riƙe ta.) Har Bappa ya yi wa abokansa alkawari cewa in damina ta kawo kai, surukinsa zai samo musu taki kai tsaye daga kamfani, ba sai sun bi ta hannun 'yan kasuwa ba. Ina zaune ya faɗa. Na gyaɗa kai.

Rukayya ce kaɗai ba ta yi rawar kai ba. Ta tambaye ni, "Me ya sa ba ka taɓa faɗa min ba?" Na ce, "Kin san ni ba na son fariya." Ta kalle ni ta ce, "Ni dai shagon na sani."

Na samu Emeka da faɗa, wai ya ce min sito za a kai. Ya yi dariya har ya riƙe ciki, sannan ya yi min bayani cewa sitok kasuwa ce a intanet, duk wanda ya ga hoton ya yi masa sai ya saya ya rubuta abin da ya ga dama a kai, kuma haka takardar da na sa wa hannu ta ce. Ya ƙara da cewa, "Ko da siton ne ma, kai ɗan kasuwa ne fa. Kayan da ke sitonka ado kake yi da su?" Da na ba shi labarin Bappa kuwa sai dariyar ta ɗauke. Ya ce, "Mutumina, je ka faɗa wa tsohon nan gaskiya yau. Ka tuna ba hoto ɗaya muka ɗauka ba." Na ce zan faɗa, amma sai bayan biki, lokacin da aikin gama ya gama.

Saura mako uku a sa rana aka aiko Bappa yana nemana, wai in zo da safe. Na tarar da shi a zaure tare da ƙanwarsa Goggo Dudu, fuskarta a ɗaure tamau. Labulen ƙofar cikin gida yana ɗan motsi, na san Rukayya na bayansa. Ashe Goggo ta raka matar ɗanta awon ciki a wani ƙaramin asibiti, ta ga hotona manne a bango, har aka ba ta ƙaramar takarda mai irin hoton ta taho da ita. Bappa ya ajiye takardar a kan tabarma. Ni ne da hular nan a kaina, zaune kusa da Saratu da cikinta na matashi, ina mata kallon wanda ya biya sadaki. A sama an rubuta da manyan baƙaƙe: "Ni da matata ba ma wasa da awo."

Goggo ta ce, "To, angon ƙarya, yaushe ne sunan? A gayyace mu mana."

Hankalina ya tashi, bakina ya riga kaina. Na ce, "Wallahi Goggo ba matata ba ce! Tela ce! Cikin ma matashi ne! Bappa, ai hotunan nan duk ƙarya ne, rana ɗaya aka ɗauke su, sayar da su ake yi a intanet, kowa ya saya ya rubuta abin da yake so. Ko hular nan ba tawa ba ce!"

Na tsaya ina haki, ina ganin na wanke kaina. Sai Bappa ya miƙe a hankali, ya ciro kalandar daga ƙusa, ya shimfiɗa ta kusa da takardar asibitin. Ya koma ya zauna.

Ya ce, "Maganar mata ba ta dame ni ba, tun jiya na sa an bincika, na san ba ka da ita. Wannan hular da ka ce ba taka ba ce, ita nake tambaya."

Na kalli hoton dama, na kalli na hagu. In na ce hotuna gaskiya ne, ina da mata mai ciki. In na ce ƙarya ne, to ina kamfanin? Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata. Abin da na iya cewa kawai shi ne, "Bappa, ai ban ce ina aiki da su ba, cewa na yi ana ɗan taɓawa." Ko ni da na faɗa sai da na ji kunyar maganar.

Bai ɗaga murya ba, kuma da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Ya ce, "Ɗana, da shagonka na san ka, kuma da shagonka na yarda zan ba ka 'yar wana. Amma wata huɗu kana zaune kana kallona, da furfurata, ina yi wa mutane ƙarya a ƙofar masallaci. Wanda ya iya yin shirun nan, ban san me zai iya ɓoye wa matarsa ba." Labulen ya daina motsi.

Iyayena sun je ban haƙuri sau biyu. Emeka ma, Allah ya saka masa, ya je da kansa ɗauke da takardar da na sa wa hannu da matashin Saratu a leda. Bappa ya karɓe su da mutunci, ya ce ya yafe, amma maganar aure a bar ta. Rukayya ta kira ni sau ɗaya. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Na ba ka ƙofa ranar da na tambaye ka, ba ka shiga ba. Mai shago nake so, ban taɓa neman wani ba." Na fi shekara in na tuna wannan maganar sai abinci ya fita raina, kuma har yanzu tana min ciwo.

Ta yi aure, wani malamin firamare ta aura, an ce mutumin kirki ne. Kwanan baya yayata ta dawo daga asibitin nan tana ƙunshe dariya, ta ce ta ga Rukayya a layin awo, mijinta na gefe riƙe da katinta. Hoton kuwa yana nan a bango bai ko koɗe ba, daidai saman bencin da suke zaune. Wato duk wata sai ta je ta zauna a ƙarƙashina, ina washe baki ina sanar da duniya cewa ni da matata ba ma wasa da awo, alhali har yau ni ke wanke kwanon da na ci abinci.

Darasin da na koya bai da yawa, amma na saye shi da tsada. Yanzu in an tambaye ni sana'ata, tun kafin mai tambaya ya rufe baki nake cewa sabulu da taliya nake sayarwa. Kuma duk wanda ya ce min yana ɗan taɓa wani abu, sai in tambaye shi da wane hannu.