Akushin da Nahawu Ya Tsaga

Ba zan taɓa mantawa da ƙarar ba: ƙas! 'Yar ƙarama ce, kamar an karya tsinken tsintsiya. Ina zaune a ƙofar shagon Kawu Bawa a unguwar Gurugu da ke Tamale, ƙamshin ɗanyen itacen mangwaro ya cika min hanci, biro a hannuna, ina neman kalmar da zan rufe baiti da ita. Ko kai ban ɗaga ba. Na ɗauka ƙadangare ne ya bi ta kan kwano.

Lokacin na gama kwalejin malamai, ina jiran a tura ni makaranta. Zaman gida ya ishe ni, sai na riƙa zuwa wurin kawuna, ƙanin mahaifiyata, mai sassaƙa da inji. Yakan ɗaura gungume, injin ya yi ta juya shi, shi kuma ya kafa bakin ƙarfe yana fere shi har akushi ya fito. Na ce na zo taya shi shara. (Gaskiya kallo nake zuwa yi. Ɓawon itace na tashi sama kamar taliya, ni kuma ina rubuta waƙa a kansa.)

Abokin aikinsa Wofa Yaw ne, mutumin Kumasi, ya fi shekara ashirin a Tamale. Hausarsa ta kasuwa ce, ba ta san mace ba. Akuya shi ne, mota shi ne, ni ma "kai" yake ce min. Ni kuwa a littafi da rediyo na goge tawa, kuma ina ji da ita, har nakan gyara masa magana. Shi ya sa ya raɗa min Madam Ticha.

A farkon damina iska ta kayar da mangwaron gidan Kaka a Kukuo, wanda marigayi kakanmu ya dasa shekarar da ya auro ta. Kaka ta kwana biyu ba ta cin abin kirki. Yawancin bishiyar ta rube a ciki, gunduwa ɗaya tak Kawu ya samu mai kyau, ya ce zai yi mata akushi. Ya fere shi da kauri tun yana ɗanye, ya binne shi cikin ɓawonsa a buhu, ya ajiye a lungu. Ya ma yi min bayanin dalili. Na gyaɗa kai, amma hankalina yana kan wani haske da ya ratso ta hujin rufi.

Ranar da abin ya faru an kwana ana ruwa, gari ya waye da rana tas. Kawu ya tafi sayen katako. Wofa Yaw ya ɗora kujeru a keken kaya zai kai Jisonayili, ya tsuke baki ya nuna lungu.

"Madam Ticha, abin nan ruwa ya duka shi jiya. Kai shi rana, ya bushe."

Na je lungu. Abu biyu na tarar: tabarmar da Kawu ke sallah a kai, sharkaf, da buhun akushi a ƙarƙashinta. Na sa hannu a buhun, na ji akushin ma da danshi. Sai ilimi ya motsa. Tabarma mace ce, ita. Akushi namiji ne, shi. Wofa kuwa "shi" ya ce. (Mutumin da na sha ji yana cewa "matana ya tafi coci"! Ban san inda na ajiye wannan sanin ba a ranar.)

Na zaro akushin, na kakkaɓe shi. Ga shi fari sol, har da wani ɗan layin fensir a gindinsa da na ɗauka wurin ado ne. Na ɗora shi a kan fallen kwano a tsakar rana, ina zuwa ina juya shi kamar mai shanyar kuɓewa, don kada wani gefe ya ce an cuce shi.

Bayan azahar ƙarar ta zo. Da na tashi juyi na gaba, sai ga tsaga daga gindi har baki, sisin kwabo zai shige ta. Na yi maza na ɗauke shi daga rana. Na tuna da man kaɗen da ke jakata. Idan yana maganin faso a ƙafa, me zai hana ya yi wa itace? Na dumbuza na cusa, ina shafawa ina lallashi: "Haba akushi, rufa min asiri."

A haka suka same ni, su biyun tare, a durƙushe ina yi wa itace tausa.

"Ei! Madam Ticha! Wa ya ce ka fitar da wannan?"

"Kai ka ce, Wofa," na ce. "Shi ka ce. Da tabarma kake nufi, ai ita za ka ce."

Ya dube ni, ya dubi Kawu, ya dubi mai waldan maƙwabta da ya leƙo jin labari.

"Bawa, ka ji ɗanka? Ni matana ma shi ne! Uwana shi ne! Yau tabarma ya zama Hajiya?"

Mai walda ya yi dariya har ya dafa bango. Kawu bai yi ba, kuma wannan ya fi min ciwo. Ya ɗauki akushin, ya shinshina.

"Man kaɗe?"

"Na ce ko zai haɗe, Kawu."

"Ɗanyen itace a hankali yake bushewa, 'yar nan. Rana ta busar da baya, ciki na jiƙe, dole ya yage. Gam ne zai cece shi, ke kuma kin shafa masa abin da gam ba ya kamawa." Ya ɗago ya dube ni. "Wata bishiyar kakanki ya bari?"

Na fashe da kuka. Tabarma kuwa tana lungu, a jiƙe yadda take.

Kawu bai jefar da shi ba. Ya kankare duk inda mai ya taɓa, ya huda ɗan rami a ƙarshen tsagar don kada ta ƙara gaba, ya mayar da shi buhu wata uku. Da ya bushe, ya kwaɓa gam da garin katako da na gawayi, ya cike wurin. Ranar da ya mayar da shi kan inji ya kore mu gefe, ya ce tsagaggen itace kan tarwatse ya yi wa mutum aski. Ya juya shi sannu sannu, ina karanto duk addu'ar da na sani. Daga nan ya jera ƙananan huji gefe da gefe, ya miƙo min jar waya ta tsohuwar fanka.

"Ke kika yaga, ke za ki ɗinke. Yadda mata ke ɗinke ƙwarya."

Muka kai wa Kaka. Wofa bai bari mun gama gaisuwa ba ya kwashe labarin ya ba ta, har da kwaikwayon muryata. Ta daɗe tana bin ɗinkin da yatsa, ni kuwa ina ƙirga ƙasa da ido. Sai ta yi murmushi.

"Ku ƙyale min jika. Ai mai bishiyar ma da wushiryarsa."

A ciki take ajiye goro da carbinta har yau. Ni kuma, don wanke laifi, shekara biyu cur ina zuwa shago duk Asabar ina goge akusa da sanfefa, takardar nan mai yashi. Na koyi darasi: a Tamale idan aka ce "kai shi", in ɗora yatsa a kan abin in ce "wannan?"

Sai bara, a bikin 'yarsa, Wofa Yaw ya ja ni gefe yana ƙunshe dariya. Wai layin fensir ɗin nan ba ado ba ne. Kawu ya bar cibiyar itacen a gindi don akushin ya yi girma, kuma tun ranar farko ya ga ta fara tsagewa, shi ne ya yi mata alama. Gam ɗin ma ya saye shi mako guda kafin in fitar da akushin rana.