Sun Yi Watandar Malam Hayatu da Ransa

A'a, Batulu, kada ki ce ban gode ba! Na gode wa manya har bakina ya bushe. Mijina Malam Hayatu tsoho ɗaya ne, amma masu kula da shi sun fi jikokinsa yawa.

Tsaya ki ji. Jiya na ɗora shi a amalanken maƙwabcinmu Chindo, muka sha rairayi har asibiti, saboda gyambon nan na ƙafa da ya ƙi rufewa. Mai duba jini ya matse mashi dantse, ya ce ban da gishiri, kuma ya riƙa yawo safe da yamma. Na ce, "Ranka ya daɗe, ƙafar fa?" Ya ce ƙafa ba tashi ba ce, ta ɗakin can ce. Mai ƙafa ya leƙa daga nesa, ya ce kada ya kuskura ya taka ƙasa. Mai duba ciwon suga ya hana tuwo, ya hana fura. Malam ya ɗago kai ya ce, "Iska fa, an yarje mani?"

Ko watanda ake, ai sai an yanka saniya kafin a kasa nama. Su da ransa suka kasa shi.

Muna isowa gida sai ga babbar mota kat-kat ta masu tallafin tsofaffi, Allah ya ƙara masu girma. Suka sauke shinkafa, gishiri da kwalin suga, suka sa shi ya rungume, aka ɗauki hoto. Su ne bara suka kawo keken guragun da ko tsakar gida ba ya ƙetarewa don yashi. Kazata ta ƙyanƙyashe a ciki, ita kam tana sa masu albarka.

Taron tsintsiya ba shara. Gyambo shina ta ci, har manjo, babban ma'aikacin jinya na asibitinmu, ya ja ni gefe ya ce in aka yi sake, ƙafar sai yankewa.

Me kika ce? In yi haƙuri, ɗanki mai aikin buro, ofishin gwamnati, ya ce an kafa kwamitin da zai haɗa kan mai jini, mai ƙafa da masu shinkafa, har sun zauna an yanka masu rago? Madalla da iyayen gijinmu! Ki ce mashi kada su yi gaggawa, Batulu, su ci a hankali. In an yanke ƙafar, mai ƙafa ya sauka daga taron, naman ya fi isarsu.