Labulen Farfesa

Duk wanda bai san Farfesa ba, laifinsa ne, domin Farfesa dai ya yi iya ƙoƙarinsa. Likitan ƙwaƙwalwa ne, ga shi gwanin kwamfuta. Masu bincike ba sa iya rubuta shafi biyu ba su ambaci sunansa ba, musamman waɗanda shi ke duba jarrabawarsu. Kullum da safe, kafin ya amsa gaisuwar iyalinsa, sai ya buɗe waya ya ga ko wani a wata ƙasa ya ambace shi. In an ambata, ranar gida kowa ya sake. In ba a ambata ba, ko kyanwa ta san ta bar falo.

Ɗalibai na kiransa Kamar-Yadda-Na-Rubuta, don ko ta'aziyya ya je, da haka yake buɗe baki.

Babbar kyautar da ya yi wa duniya ita ce labule. Farfesa ya gano cewa fuskar majinyaci na ruɗa likita: hawaye na jawo tausayi, tausayi kuma na ɓata sakamako. Sai ya raba ɗakin duba marasa lafiya gida biyu da labule mai kauri. Majinyaci na can ciki, nas na raɗa masa tambaya, yana danna fuskar dariya ko ta kuka a jikin 'yar na'ura. Ba suna, ba magana, sai lamba. Farfesa na waje a kujera mai juyawa, yana karanta zuciyar bawan Allah a allo.

Yana da yaya mace, wadda ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ta wanke masa kayan makaranta har hannunta ya yi kanta. Tun da mijinta ya rasu barci ya ƙaurace mata. Abinci sai an matsa, yini take tana kallon bango. Ita ba magani take nema ba, so take ƙaninta, autansu, ya zo ya zauna kusa da ita. Ta kira, ta sake kira. Farfesa, da yake mai zumunci ne, ya turo mata maƙalarsa kan baƙin ciki, da Turanci, har ya ja mata layi a wurare masu muhimmanci.

Da ta gaji, ta ɗauki mayafinta ta tafi asibitin da yake aiki ta yanki kati kamar kowa. Aka ba ta lamba, ta bi layi.

Ranar kuwa manyan baƙi sun zo ganin labule. Farfesa ya sha kwat, ya sha turare, ya jera su a bayansa. Nas ta shigar da mai lamba ta ƙofar baya, aka fara dannawa, allo ya fara yin ja.

"Ku duba nan," in ji shi, yana nuni da biro. "Rashin barci. Rashin cin abinci. Kaɗaici mai tsanani. Ni ban gan ta ba, ban san ta ba, amma na fi uwar da ta haife ta sanin abin da ke damunta."

Baƙi suka gyaɗa kai. Daɗi ya kama Farfesa, ya miƙe tsaye, ya ɗaga murya don na bayan labule ma su amfana.

"Wannan ba ƙwaya take buƙata ba. Danginta ne suka yar da ita. Irin mutanen nan ne da ba sa ɗaga waya, ba sa leƙa nasu. Kamar yadda na rubuta, su ne cutar, ba ita ba. Da zan ga ɗan'uwan matar nan, wallahi sai na wanke shi tas a gaban jama'a!"

Aka tafa masa sosai. Wani baƙo har da share ƙwalla.

Da tafin ya lafa, sai aka ji gyaran murya daga bayan labule, muryar tsohuwa a gajiye, ba faɗa a cikinta ko kaɗan.

"Auta, na gama dannawa. In tafi, ko za ka leƙo?"