Ranar da Aka Yi Mini Gaisuwar Dodo

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Laraba a Gumel, ranar da na tara 'yan gaisuwar mutuwa alhali kowa nawa lafiya lau.

Na tsufa ina fataucin fata tsakanin Maigatari, Damagaram da Lome. Ina jin Faransanci da Larabci da Fulatanci, ina taɓa Turanci, don haka nake ganin ni ne alƙalin abin da ya cancanci karatu. Da jikata Rumasa'u ta zo hutu daga jami'a da wani littafin Turanci mai hoton dodo a bango, na yi mata faɗa a gaban kowa har ta sunkuyar da kai. Kwana biyu ba ta tsokane ni ba, ita da kullum sai ta kira ni angonta mai furfura. Abin ya ci mini rai, amma girman kai ya hana ni lallashi.

Ta bar littafin a kan tabarma. Na ɗauka don in samo ƙarin hujja (haka na gaya wa kaina). Labarin wata budurwa ce mai gyaran babura a wani babban birni, inda dodanni masu fukafukai da aman wuta ke zaune a saman benaye. Na ga matan kasuwar Lome, na ga matan Fulani masu kora garke su kaɗai, amma wannan yarinya ta fi su taurin kai. Tana da wani tsohon dodo makaho da take kai wa gawayi ya ci. Na naɗe littafin da takardar buhun siminti, na tafi da shi majalisarmu ta gindin darbejiya.

Bayan la'asar na kai inda gini ya rufto, tsohon dodon ya rufe yarinyar da fiffikensa. Sai hawaye har gemu.

Malam Habu, abokina mai awon gero, ya dafa ni. "Alhaji, lafiya?"

Na ce, "Ya rasu, Habu. Tsohon nan makaho."

Wallahi na manta ina da yaya makaho a Sule Tankarkar. Nan take aka ɗauki salati, Habu ya ɗaga hannu ana addu'a, wani ya hau babur ya kai labari gidana. Don kunya ni ma na shafa, na ce amin.

Can sai ga Rumasa'u da waya a hannu. Ta gaida mutane ta ce, "Yanzu na yi magana da Baba Tsoho na Sule Tankarkar, fura ma yake sha." Idonta ya sauka a kan takardar simintin. Ta durƙusa, ta buɗe, ta ga shafin da yatsana ke kai.

Habu ya leƙo, ya ga hoton. "Alhaji! Yanzu ƙadangare muka yi wa addu'a?"

Majalisa ta kwashe da dariya, har wani ya ƙware. Ita kuwa ba ta yi ba. Ta miƙo mini gefen mayafinta in share ido, ta ce a hankali, "Angona, ni ma a nan na yi kuka. Ci gaba, ba zan faɗa maka abin da ke gaba ba."

Tun daga ranar ba na kushe littafi sai na karanta shi. Kuma a ɗaki nake karantawa, ƙofa a rufe.